Shahon da Ya Ƙi Iskar Jidda

Ran nan maƙwabciyata ta kawo mini ƙullin magani daga Najeriya. Ina kwancewa warin tazargade ya buge ni. Ita tana ta bayanin yadda ake jiƙawa, ni kuwa hankalina ya riga ya bar falon, ya koma saman benenmu na unguwar Ammariyya a Jidda, lokacin ina 'yar shekara tara ko goma, ina tsugune kusa da Kaka.

Kaka mahaifin mahaifiyata ne. Yana yaro ya zo ƙasar nan ta Saudiyya a ƙafa tare da mahaifinsa, ta Sudan, kuma bai sake komawa gida ba. Aikinsa girki ne a gidan wani Balarabe, kafilinsa, wato ubangidan da iƙamarsa, takardar izinin zama, take hannunsa. Balaraben nan Allah ya jarabce shi da son shaho, irin tsuntsun da suke farauta da shi. Duk ƙasar da aka ce akwai shaho sai ya je, kuma ba ya cin girkin kowa sai na Kaka. Ta haka ne wata shekara, da zafi ya fara raguwa, tsohon nan ya ɗauki tukwanensa ya bi su har Mongoliya.

Da ya dawo ya ce lardin da suka zauna sunansa Dornod, can ƙarshen gabas, tsakanin Rasha da Sin. Matarsa, wadda duk muke kira Hajiya, ta ce, "Dorno ko Borno? Ka faɗi gaskiya, Malam, in gida ka je ka ɓoye mana." Ya yi dariya har da tari. Amma ni na lura, ko da ina yarinya, cewa mutumin da ya dawo ba daidai yake da wanda ya tafi ba.

Kullum bayan la'asar sai ya hau sama ya zauna tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya, ya ba ni labari. Ya ce ƙasa ce ta ciyawa zalla, ka yi yini kana tafiya a mota ba ka ga itace ɗaya da za ka raɓa ba. Kogi ɗaya ne yake ratsa ta, shi ma a hankali kamar ba ya son tafiyar. Ya ce barewa a can ba a ƙirga su, in garkensu ya taso sai ka ɗauka ƙasar ce ta miƙe tana gudu. Akwai wani yanki da hukuma ta keɓe, ba harbi, ba noma, ba gini, ba kafa tarko. Wata rana motarsu ta kusanci iyakar, sai ga mai gadi a kan doki, ya nuna musu hanyar komawa da bulalarsa. Kafilin ya fito da takardun izini, mutumin ya duba ya girgiza kai, wato izinin bai haɗa da nan ba. Wannan labarin Kaka ya fi so, sai ya maimaita shi yana murmushi.

Mutanen wurin kuwa, in ji shi, Fulani ne da aka sauya wa fuska. Ɗakunansu zagayayyu ne na gashin tumaki, ƙofar kowanne tana kallon kudu, suna hura wuta da busasshen kashin shanu. Baƙo ba ya ƙwanƙwasa ƙofa, daga nesa zai yi kira a riƙe kare, shi ke nan ya zama ɗan gida. Sai a miƙo masa shayi da madara da gishiri. Ni da na ji gishiri a shayi na yamutsa fuska. Ya ce, "Amaryata, ke dai burodin tamis da waken ful suka ɓata ki." Haka yake kirana, wasan kaka da jika. Daga nan ya zaro 'yar busasshiyar ciyawa daga aljihun rigar sanyinsa ya murza mini a hanci. Warinta sak na tazargade. Ya ce haka makiyayar ƙauyensu take ƙamshi bayan ruwan farko, lokacin yana bin awakin mahaifinsa. Ranar na fara sanin Kaka yana da wani gida ban da namu.

Ba ciyawa kaɗai ya zo da ita ba. A waje da yankin da aka keɓe sun kama shaho guda, kuma tun daga can a hannun Kaka ya saba, don shi ke yanka masa nama. Da aka iso Jidda ya ƙi karɓa daga hannun kowa, sai kafilin ya ce a bar shi wurin Kaka har ya natsu. Haka tsuntsun da ya fi gidanmu daraja ya zo ya zauna a samanmu, an rufe masa ido da 'yar hular fata, an ɗaura masa siririyar igiya a ƙafafu.

Na so tsuntsun nan, ba zan ɓoye muku ba. Da asuba Kaka zai sa safar fata ya ɗora shi a hannu, yana kai da komo yana yi masa magana da Hausa. Ni ke riƙe kwanon naman tattabara. In aka cire hular, idanunsa baƙaƙe wuluk ba sa kallonmu, sai su wuce saman gine-gine su tsaya can nesa. Duk sanyin shekarar nan haka muka yi. Ƙawayena na unguwa har layi suke yi a matakala don su leƙa, ni kuwa ina ta iko kamar ni na kamo shi.

Da sanyi ya juya, iskar teku mai laima ta dawo, irin wadda ke sa riga manne wa jiki, sai shaho ya fara buɗe baki yana numfashi. Ya rage ci, sannan ya daina. Kafilin ya turo likita aka ba da magani, a banza. Kaka yakan shafa ƙirjin tsuntsun, ya ji ƙashi ya fito. Ya ce ba ciwo ba ne, iskarmu ce ta yi masa nauyi, kuma in ya kai tsakiyar zafi a nan mutuwa zai yi.

Hajiya ta tsorata, kuma tana da gaskiya. "Halas, ya isa haka, Malam, ka mayar wa mai abu abinsa tun yana numfashi. In ya mutu a hannunka, wa zai sabunta maka iƙama?"

Kaka bai mayar ba. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya tafi wurin mahaifin kafilin, wani tsoho ɗan hamada da ya daina fita. Ya tuna masa al'adar iyayensu: a da Larabawa ba sa riƙe shaho ya wuce lokacin farauta, da sanyi ya ƙare sai su kwance shi ya koma inda ya fito. Daga baya Kaka ya gaya mana tsohon ya gama saurare, sannan ya aika a kira ɗansa. Ɗan bai iya tsallake maganar uba ba, amma bai yafe wa Kaka ba. Ya cire shi daga girki ya mayar da shi gadin ƙofa, kuma bai sake tafiya da shi ko'ina ba. Kaka ya san haka za a yi tun kafin ya sa rigar.

Aka kai tsuntsun hamada, arewa da gari, inda iska take a bushe. Kaka ya zauna da shi a tanti har ya koma ci, ƙirjinsa ya cika. Ranar da za a sake shi kawuna ya kai ni a motarsa, ina kuka tun daga gida, don ni ban ga dalilin rabuwa da abin da ya warke ba.

Kaka ya kwance igiyar ƙafafun, ya cire hular, ya ɗaga hannu. Shaho ya ɗan tsaya, ya girgiza jiki, sannan ya tashi. Sai na ga Kaka ya buɗe gorar madara ya tsoma yatsu yana yayyafawa a bayansa. Kawu ya ce, "Baba, wannan kuma fa?" Ya ce a can haka suke sallamar matafiyi, wata tsohuwa ta yi wa motarsu ranar da za su taso. "Ba bauta ba ce, sallamar gidansu ce. Addu'a kuma tamu." Ya ɗaga hannu muka shafa.

Muna kallo har ya ɓace. Na share hanci na ce, cikin haushi, "To kai wa zai sake ka ka tafi garinku?"

Ya dafa kaina ya ce, "Ai ku ne igiyar ƙafata, amaryata. Ni kuma ban ce a kwance ba. Yalla, mu je gida."

Yau ina zaune a unguwar Safa, nan Jidda, a hawa na uku. 'Ya'yana in na yi musu Hausa da Larabci suke amsawa. Wani lokaci nakan nemo lardin nan a waya, in ga har yanzu ciyawa ce da barewa, don mutanensa sun tsare shi. Ƙauyen Kaka kuwa na je sau ɗaya bayan rasuwarsa. Na tambayi makiyayar, aka nuna mini gidajen bulo da wani gidan mai, kuma ban sami wanda ya tuna mahaifinsa ba. Ban san ko shahon ya isa ba, tafiyar da nisa, amma in ya isa ya tarar da gida. Kaka yana kwance a maƙabartar Jidda. Duk Juma'a in mun bi ta bakin katangarta sai na sa yara su yi masa sallama, kuma a nan kaɗai ba na yarda su yi da wani harshe sai Hausa.