Ruwan Wankin Daɓen Alhaji

Har in koma ga Allah ba na mantawa da ranar da muka wanke daɓen wani Alhaji a Tanut. Tsakiyar bazara ce, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, ina ƙaramin maso, wato magini, a ƙarƙashin shef ɗinmu Malam Ilu, mutumin Damagaram. Alhajin yana da kamiyo, babbar motar jigilar gyaɗa, da daɓen siminti tun daga bakin hanya har ƙofar gareji. Baƙin mai ya ci daɓen, ga shi duk ya tsattsage.

Ku da ba ku san aikin ba, kwalta ba ta kama siminti mai maiƙo. Sai an jiƙa soda mai ƙuna an kwara, a dirje, a ɗauraye, ya bushe, sannan a narka kwalta a toshe tsagar. Sodar nan kuwa ba ta da imani, ta taɓa hannu sai fata ta saɓule.

Da hantsi jakunan Alhaji suka yi ta kawo ruwa daga rijiya. Can gefe akwai wani dattijo Bafillace, Buba, da ya kora 'yan shanunsa daga wajen Tarka, tun jiya yana jiran layinsa a rijiya bai samu ba. Shanun duk haƙarƙari a waje, su ne kuma iyakar abin da ya mallaka. Ya zo ya roƙi shef a sam masa ko ganga ɗaya. Malam Ilu ya ba shi haƙuri, ya ce ruwan ba nasa ba ne.

Muka wanke daɓe tas. A Damagaram irin wannan ruwa kwata yake bi ya wuce. Nan babu kwata, sai ya gangara ya kwanta a wani kwari bakin hanya. Aka kira azahar, muka tafi masallaci.

Kukan shanu ne ya fito da mu. Sun ji ƙanshin ruwa sun ɓalle sun afka kwarin suna sha, Buba yana dukansu da sanda yana kuka, ina, ko ɗaga kai ba su yi ba. Kafin la'asar bakinsu ya saɓule, suna kumfa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda aka samu yankawa ma mahauta suka ƙi naman. Wallahi ni kaina na yi hawaye.

Buba bai zagi kowa ba. Ya dubi shef ya ce, "Malam, na roƙe ku ruwa kun hana. To wannan da kuka zubar, don me kuka sa masa wuta?"

Washegari muka narka kwalta, muka gama aiki, daɓe ya yi kyau. Buba ya kama hanyar Tarka daga shi sai sanda.

Shi ya sa, ku yaran aikina, nake takura muku ku haƙa ramin da ruwan wanki zai taru kafin ku jiƙa soda, ku binne kafin ku tashi. A wannan ƙasa ta Damargu babu ruwan da aka zubar. Duk inda ya kwanta, akwai mai ƙishin da ke tafe.