Zaren Dada da kan kebul

Mu biyu ne kawai a gidanmu na Fadaman Mada a Bauchi, ni da kakata Dada. Babana ya bi motar shanu zuwa kudu tun ina rarrafe, bai dawo ba, bai aiko ba. Uwata ta yi jira har ta gaji, alƙali ya raba auren, ta yi wani a nesa. Dada kuwa ko sunansa ba ta faɗi, don ɗanta ne na fari, kuma ita mai kunya ce irin ta mutanen da. In ta kama dole sai ta ce "yaron nan", ta kau da kai.

Bayan magariba, in ta sauke tuwo, ba ta kashe wutar. Sai ta jawo tabarma bakin murhu, ta ɗauko mazari da audugar da ake kawo mata daga Zungur, ta shafa alli a yatsu. Ina jin yaran maƙwabta suna ihu a gidajensu masu cike da mutane, mu kuwa sai ƙarar mazari a kan tasa.

"Maigidana, matso," in ji ta, don haka take tsokanata. "Miji ba cefane, sai cin tuwo. Ga wata tatsuniya nan tafe, wa zai tare ta?"

"Ni ne!"

Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma akwai wadda take yawan komawa kanta. Wai wata tsohuwa ce ɗanta zai haye babban kogi neman abinci. Sai ta kaɗa zare mai tsawo, ta ɗaura masa kai ɗaya a hannu, ta ƙulla ɗaya a nata hannun. Kullum da yamma ta ja, shi ma ya ja, sai ta yi barci. Ran nan ta ja, shiru. Ta ce lalle ƙullin wajenta ne ya lalace. Ta yanke, ta sake ƙullawa, ta ja, shiru. Gobe ma haka. Kullum tana yankewa zaren yana gajarta, sai ta riƙa matsar da tabarmarta don ya kai. Daga ɗaka zuwa tsakar gida, daga nan zuwa ƙofa, har ta wayi gari a bakin ruwa.

"To sai me, Dada? Ya ja?"

"Kai, wannan miji da gaggawa! Ban kai nan ba tukuna."

Ba ta taɓa kaiwa ba. Sai ta tura itace cikin wuta, ta yi magana ƙasa-ƙasa kamar ba da ni take ba: "Wataƙila faɗan da ta yi masa ne a kan tafiyar. Wataƙila guzurin ne bai ishe shi ba." Haushi nake ji, wallahi, don ni ƙarshen labari nake so. Ban lura ba cewa ita ma ta bar ɗakinta ta koma kwana a zaure, wai zafi ya yi yawa, har da damina.

Ta rasu ina makarantar gaba da sakandare, ba ta ji komai game da babana ba.

Na tashi na zama mai haɗa kebul ɗin kwamfuta a ofisoshi da makarantu, daga cikin gari har Gubi. Aiki ne na mutum ɗaya, kuma sai an tashi daga aiki ake ba ni wuri. Ka feɗe bakin kebul, siraran wayoyi takwas su fito a murɗe bibbiyu. Ka warware su, ka jera su launi bayan launi, masu ruwan lemo a farko, masu ruwan ƙasa a ƙarshe, ka daidaita bakinsu, ka tura cikin ɗan kan roba, ka matse da filaya. Haka za ka yi wa ɗaya bakin. Sannan ka kawo testa, wata 'yar na'ura mai gida biyu, ka sa kowane kai a gida ɗaya. Fitilu su riƙa kamawa bi da bi. In ɗaya ta ƙi, akwai matsala, amma testa irin tawa ba ta gaya maka a wane kai take.

Wata rana, ina koyo, fitila ta biyar ta ƙi kamawa a wani dogon kebul da muka ja ta cikin silin. Na yanke kan da ke hannuna na sake. Ta ƙi. Na sake yankewa. Ina ta yi har kebul ya daina kaiwa tebur, na jawo teburin kusa da bango. Sai ga Oga Bulus, wanda ya koya mini aikin, ya tsaya a kaina.

"Kai, Sani, me kake yi haka? Za ka cinye mini kebul! Ka yanke naka ka sake, bai yi ba, ai sai ka tashi ka je ka duba wancan kan."

Na dubi teburin da na jawo. Sai na ji ƙamshin hayaƙin murhun Dada, na ajiye filayar na zauna a ƙasa. Oga Bulus ya ɗauka faɗansa ne ya yi mini zafi, har yana ba ni haƙuri.

Da aka yi hutu na shiga mota zuwa kudu neman babana. Na bi kasuwannin shanu ina tambaya, har wani tsohon mahauci ya gane shi da tabon da aka gaya mini yana goshinsa. Ɗan Bauchi suke ce masa, ba wanda ya san unguwarsu. Zazzaɓi ne ya ɗauke shi tun bai shekara da zuwa ba, su suka yi masa sutura. Mahaucin ya ce babana ya sayi atamfa ya ajiye, yana cewa ta tsohuwarsa ce, in ya koma da salla.

Har yau ni kaɗai nake aiki. Nakan sa rabin testa a wani ɗaki, in taka zuwa ɗayan in duba, ba mai ce mini ta kama. Kaɗaicin yana damuna, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne shekarun da Dada ta yi tana neman laifinta.

Ranar Juma'ar da na dawo, na je maƙabarta na yi mata addu'a. Sannan na durƙusa na gaya mata, da ƙarfi, don ta ɗan kurumce kafin ta rasu.

"Dada, maigidanki ne. Na je wancan kan na duba. Ƙullinki lafiya lau yake."