Madarar Masaƙa Ba Ta Wanke Huhu

Shekara ashirin da biyu ke nan da muka binne maigidana Bitrus a Fadan Kagoma. Daminar da aka yi wa cocinmu rufin kwano ce, Ladi 'yata tana goyon Rifkatu. Yau ga Rifkatu da shagonta a Sabon Tasha, ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa don murna!

Bitrus a masaƙa ya yi aiki a Kaduna, ɓangaren zaren roba. Yakan dawo da farin gari har cikin gashin hanci. Masaƙar tana ba su gwangwanin madara, wai tana wanke ƙura daga ƙirji. Shi kuwa sai ya ɓoye tasa a aljihu, ya kawo wa yara. Da tari ya kwantar da shi har ya tafi, dangi suka ce ai madararsa da muka sha ce ta kashe shi. Ban taɓa sunkuyar da kai ba, amma maganar nan ta zauna wa Ladi a rai, shekara da shekaru ba ta sa madara a baki.

Rashin sani ya fi dare duhu. Bara na je Sabon Tasha, na tarar da Rifkatu tana cusa audugar roba a filo, ƙofa a rufe, tana tari. Tarin nan na san shi kamar muryar mijina. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

"Kaka, kar ki damu, ina shan madara," in ji ta.

Na ce, "Ɗauko gyalenki, ja'ira!"

Ban saki hannunta ba sai gaban likita a Kafanchan. Ya ce madara ciki take zuwa, ƙura huhu, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Ashe ko tulu guda Bitrus ya sha, da ba ta cece shi ba. Likita ya ce an zo da wuri, ƙirjin yarinya zai warware in ta daina shaƙar ƙurar. Jama'a, a nan na rangaɗa guɗa, har nas ta leƙo!

Yanzu shagon yana da taga biyu, kowa da takunkumi a hanci, tari ya lafa. Da Bitrus zai leƙo, na san dariya zai yi ya ce, "Ashe ƙyalle ya kamata su ba mu, ba gwangwani ba."

Cikin abokan aikinsa saura Dogo Yohanna a Kagoma, da Iliya da ba ya iya hawa tudun coci sai ya huta. A gida kuwa saura ni. Sai Ladi, wadda ran Lahadi na dafa wa shayi, na zuba madara har ya yi fari. Ta daɗe tana kallon kofin, sannan ta shanye tas.