Sanyin Halin Maɗori

A zamanin da Matameye ke kai gaisuwa Damagaram, kafin Nasara su zo, mijina shi ne maɗorin garinmu. Duk wanda ya karye, wurinsa ake kawo shi. Kowa cewa yake, mai sanyin hali. Ni kuwa da na zauna da shi, yabon nan haushi yake ba ni, don ni wuta ce. In yi ta faɗa tun daga murhu har bakin zaure, shi ko sai ya ce, "To, Allah ya kyauta."

Wata rana na tambayi ƙanen babana, malami ne mai karatun ɗibbu, wato ilimin magani, me ya haɗa hali da sanyi, sai ka ce ruwan randa. Ya ce masana magani na dā sun raba jikin ɗan Adam huɗu, zafi da sanyi, danshi da bushewa. Wanda sanyi da danshi suka rinjaya, majina ce ta yi masa yawa, ba ya saurin fushi, ba ya saurin murna. Daga can maganar ta samo asali. Na yi dariya har da hawaye, na ce, "Ashe Baba, majina na aura!"

Wata shekara da kaka, mijina ya tafi Kance ɗorin wani baƙo, ya yi kwana ashirin. A bayansa autarmu, 'yar shekara shida, ta faɗo daga kan jaki ta karye a hannu. Ban iya jira ba. Na kai ta wurin wani tsoho da ke ɗora wa awaki ƙafa, ya ɗaure mata. Ko da mijina ya dawo ya kwance, ƙashin ya fara kamawa a karkace. Ya shafa, ya sake shafawa, ya ce in aka bar shi haka, ba za ta taɓa riƙe taɓarya ba. Sai an sake karyawa.

"Malam, 'yarka ce fa," na ce.

"Na sani. Riƙe mini kafaɗarta."

Na riƙe. Ya yi bisimilla, ya tambaye ta ina 'yar akuyarta ta kwana, tana cikin ba shi amsa na ji ƙas! Ihun da ta yi har yau yana kunnena. Fuskarsa ko gezau. Ya ja, ya daidaita, ya tofa addu'a, ya ɗaure, ya wanke hannu. Ni da na jawo abin, ni na buɗe baki a gaban maƙwabta na ce, "Wallahi ba ka da zuciya, dutse ne a ƙirjinka." 

Hannu ya warke sarai. Ta girma, ta yi daka, ta goyi 'ya'ya. Sai daga baya na lura da wani abu: duk lokacin da na ɗauko ƙirare zan kakkarya in hura wuta, sai ya miƙe ya sa takalmi ya fita, ko da tuwo na gabansa. Haka ya yi ta yi har Allah ya karɓi abinsa. Tun yana da rai na gane dalili, ƙarar ce ke tuna masa ƙashin 'yarsa, na koma karya itacena a bayan gida, amma girman kai bai bar ni na ce ya yafe mini maganar nan ba. Ita ce ke ci mini rai yanzu.