Inna Dada ta Yargoje da Kafaɗar Zailani

Da an idar da sallar asuba Inna Dada take ɗaukar kwando ta nufi gindin kaɗanya, kafin awaki su riga ta. Ta tsince 'ya'yan da suka zubo, ta dawo ta dafa, ta shanya, ta fasa, ta soya, ta daka, ta niƙa. Sannan ta zauna gaban ƙwarya tana bugun ƙullin da hannu har mai ya taso. Haka take yi tun ban san damana da haguna ba, sai bana, 1957, da yatsunta suka ƙi miƙewa, ta kife ƙwaryar. Ba a yi taro ba, ba wanda ya taka ya ce mata sannu. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake ni ma na gaji da rubuta abin da mutanenmu za su ji su ce "Allah sarki" su wuce.

Masu man kaɗe suna da yawa daga Ƙanƙara har Sabuwa. Abin da ya raba ta da su shi ne hidimar zabiya, wato bayin Allah nan da ake haifa da farar fata, waɗanda rana ke ƙonawa. Ƙanenta Rabo zabiya ne. Ya yi noma ba riga kamar kowa, har gyambo ya fito masa a wuya, ya ƙi warkewa, ya tafi da shi ko aure bai yi ba. Ita ta yi jinyarsa. Tun daga nan, in ta ji an haifi zabiya a wani ƙauye, sai ta ɗaura zane ta kama hanya.

Da fari man kaɗe zalla take shafa musu. Ta lura yana sanyaya ƙuna amma ba ya hana ta. Ta gauraya shi da toka, fata ta tsattsage, ta watsar. Ta koma kan farar ƙasa, irin wadda ake shafe ɗaki da ita, ta ga dama-dama. Shekara da shekaru tana kwaɓawa, tana shafawa, tana komawa ta duba, tana tambayar iyaye mata abin da suka gani. Na ji wani malamin asibiti yana cewa a ƙasar Turawa likitoci suna ta binciken man da zai tare rana. Allah ya ba su sa'a. Kafin ya iso Yargoje dai, abin da muke da shi ke nan, tsohuwa da ƙwarya. Ita kanta ba ta taɓa kuranta haɗinta ba. Cewa take, "Wanga mai ɗan taimako ne kurum. Riga da malafa da inuwa su ne manya."

Wahalarta ba ta rana ba ce kaɗai, har da mu. Mun daɗe da yarda cewa in aka bar zabiya a rana tun yana ƙarami, fatarsa za ta saba, ta yi ƙwari, har ta ɗan yi duhu. Da ƙauna ake yin haka, shi ya sa yake da wuyar hanawa.

Malam Barau na Pauwa da bakinsa ya ba ni labarin nan. Ɗansa Zailani zabiya ne, a lokacin bai daɗe da fara riƙe fartanya ba. Inna Dada ta same su a gona da tsakar rana, bayan yaron ya yi jajir.

Ta ce, "Malam, rana na cin ɗan nan."

Ya ce, "Inna, ɗan manomi ne. In bai saba ba yanzu, yaushe za shi saba? Ko so kike in aje shi ɗaka kamar amarya?"

Ta roƙa, ta dawo ta sake roƙo, ta ba shi labarin Rabo, ya ce kowa da kwanansa. Da ta gaji sai ta ce, "To ka ba ni kahwaɗa guda. Ta dama tawa, ta hagu taka. In an yi girbi mu duba."

Ya yi dariya, ya yarda. Duk daminar nan tana tako ƙafa daga Yargoje ta shafe kafaɗar dama da haɗinta, ta rufe da ƙyalle. Ranar da ba ta samu zuwa ba, uwar yaron ta shafa. Da aka yanke gero aka kwance ƙyallen. Kafaɗar dama lafiya lau. Ta hagu kuwa ta kumbura, ta fashe, ƙuda na bi. Malam Barau ya ce mini, "Ranar ban iya cin tuwo ba." Ya sa aka ɗinka wa yaron riga mai dogon hannu, ya cire shi daga noman tsakar rana, ya kai shi zaure koyon saƙar malafa. Labari ya kai Daudawa da Faskari, iyaye maza da ba sa sauraron mace suka saurari kafaɗar yaro.

Dada, inuwar marasa inuwa. Ke ce kika bi hanyoyin da ba wanda ya aike ki. Ke ce aka yi wa dariya ana cewa kina shafe 'ya'yan mutane kamar bango, kika share kika dawo washegari. Yau in na ga zabiya a kasuwa da riga da malafa, na san ƙafarki ta taɓa zuwa garinsu.

Sai dai kafaɗar hagun nan ta Zailani ba ta taɓa barin Inna Dada ta huta ba. Ta warke da tabo, duk bazara kuma sai ta buɗe. Bana ta buɗe fiye da kullum, kuma Inna Dada ta san wannan kama, ta gan ta a wuyan Rabo. Kwanan baya na same ta a zauren Zailani, ta zo da sanda, tana haki. Yanzu magidanci ne, ga malafu a jibge gefensa. Ya tuɓe riga, ta duba kafaɗar da kyau.

Can ta ce, "Ni na bar ta a rana. Da na ƙara haƙuri da ubanka, da na samu duka biyun."

Ya ce, "Haba Inna, kin san Baba, ba shi ba ki biyu. Kahwaɗa guda na bayar na samu sauran jikina. Ga ɗiyata Bilki can tana wasa. In ba don ke ba, da ina zan gan ta?"

Ta ce, "Ka tahi asibiti."

"Bayan girbi, Inna."

"Gobe. Na gaji da jiran girbi."

Ya sunkuyar da kai ya ce to. Ta buɗe ɗan sauran man da ta rage, yatsun suka kasa lakatowa. Shi ya lakato ya zuba mata a tafin hannu, sannan ya juya mata baya ta shafa.

Mun gode, Inna Dada. Allah ya saka miki, ya hutar da hannun nan, ya ba Zailani lafiya. Ku kuma masu karatu, duk wanda Allah ya ba shi zabiya a gida, ya sa masa riga da malafa, ya nema masa sana'ar inuwa. An riga an gwada a Pauwa, Zailani yana ɗauke da amsar a kafaɗarsa. Kada a sake gwadawa a jikin ɗan kowa.