Yaya Hudu da Gwangwanin Toka

Ku da kuka san Yaya Hudu na Kiyako, ai ba sai na tuna muku da gwangwanin nan ba. Mutane na yawo da goro a aljihu, shi wana toka yake yawo da ita. Duk zomon da aka haifa a gidansa, gashi na fitowa zai ɗebi tokar ya barbaɗa masa a gadon baya, ya ƙanƙance ido, ya taɓe baki.

"Da saura," in ji shi.

Shekara goma sha ɗaya muna jin "da saura". Ni ƙanwarsa ce, ina aure a Sara, kuma a kasuwarmu ya kwaso wannan masifa. Ya ga wani zomo ruwan toka, sumul, ya saya ya haɗa shi da baƙar zomanya. Zomon ya mutu, matar ta zubo 'ya'ya bakwai, duk baƙi ƙirin. Daga ranar Yaya ya rantse sai ya dawo da launin nan.

To, ga ilimin nasa. Wai baƙi da fari in aka gauraya toka suke bayarwa, kamar gawayi da alli. Ya tara farare ya yi ta haɗawa, suka yi ta haifa masa baƙi, fari, da masu dabbare-dabbare kamar an watsa musu tawada. Ya rataya tsohuwar rigarsa ruwan toka a bakin keji don masu ciki su riƙa kallo. Suka cinye rigar har wuya.

Matarsa Iya Tabawa ta ce, "Malam, tunda sun ci, ƙila ta ciki launin zai fito."

Maimakon ya gane ba'a ce, sai ya ce, "Kin fara hankali."

Wata rana malamin gona ya zo daga Birnin Kudu, ina gidan. Ya ce, "Baba, launin nan ɓuya yake yi. Yana jikin baƙaƙen nan 'ya'yan na farkon. Ka haɗa biyu daga cikinsu, zai iya fitowa."

Yaya ya dafe ƙirji. "Wa da ƙanwa? A cikin gidana? Da wannan aka tura ka makaranta?"

"Baba, zomaye ne fa."

"Zomayen wa?"

Ko ruwa bai bari an ba bawan Allah ba. Yaya ke nan, mutumin da bai san sunayen jikokinsa ba, amma ya san wace zomanya ce gwaggon wace.

Baƙaƙen kuwa ya tsane su, wai su suka ɓata masa iri. Duk wanda ya fito baƙi sai ya cusa a kwali ya ba direban motar Gwaram ya sauke mini. Saƙon kullum ɗaya ne: "A gaya wa Ladi ta yi miya." Ni kuma ba na iya cin abin da na saba da shi. Na sake su a bayan rumbu, ina watsa musu dusa da harawa, suna harkarsu ba mai tambayar dangantaka.

Bara da damina, Yaya na kwance ciwo ya ci ƙarfinsa, na leƙa ramin zomayen na ga wani ɗan abu a cikin baƙaƙen. Na ɗauka ƙura ce, na goge, ta ƙi fita. Na naɗe shi a mayafi na hau mota.

Na aje masa a kan ƙirji. Ya laluba ƙarƙashin matashi ya jawo gwangwanin, ya barbaɗa. Tokar ta ɓace a jikin zomon, ba ka gane inda ta sauka. Na jira "da saura", shiru.

Can ya ce, "Ladi, su waye iyayensa?"

"Korarrunka, Yaya."

"Ɗaki ɗaya?"

"Ni dai ban ɗaura musu aure ba."

Ya daɗe yana shafa kunnen zomon da babban yatsa. Sannan ya jawo ni kusa ya ce, "Kada malamin gonar nan ya ji."

Kwana tara ya ƙara, zomon na kwance a gefensa, ya hana a sa shi a keji. Gwangwanin yana wurina yanzu, na kasa zubar da tokar.

Allah Ya jiƙan Yaya Hudu, Ya yafe masa taurin kansa da namu dariyar, Ya sa inda ya je kada ya sake cewa da saura.