Ranar da Aka Taka Bayan Taubashina

Shekarar da na gama bautar ƙasa ban samu aiki ba, sai na riƙa zuwa filin ƙwallon unguwarmu da ke wajen Ƙofar 'Yandaka duk la'asar. Ilimin motsa jiki na karanta a jami'a, ba likitanci ba, amma tun da aka ga ina ɗaure wa 'yan wasa idon sawu da bandeji sai sunana ya koma Likita. Na yi ta gyara musu har na gaji.

Taubashina, ɗan gwaggona, shi ne mai tsaron baya na ƙungiyar unguwar. Aka ce mutanen wata babbar ƙungiya za su zo ranar Asabar su zaɓi 'yan wasa. A shekarunsa kowa ya san in aka wuce shi a wannan karon shi ke nan. Saura kwana biyar bayansa ya riƙe.

A filinmu maganin ciwon baya guda ne. Mutum ya kwanta rubda ciki, kyaftin ya cire takalmi, ya dafa kafaɗun mutum biyu, ya hau ya bi gadon bayan da diddige har a ji ƙas. In an ji, a tafa, a ce ƙashi ya koma. In ba a ji ba, a sake. Ban taɓa ganin wanda hakan ya illata ba, ko kuma dai ban lura ba.

Abin da ya dame ni shi ne taubashina ya ce mini ƙafarsa ta hagu tana mutuwa. Na lallashe shi muka hau babur zuwa wurin wani mutumin Filato a hanyar Batagarawa, wanda ya yi karatun gyaran ƙashin baya da hannu. Ɗaki ɗaya ne, da gado mai rami inda ake sa fuska.

Bayan gaisuwa taubashina ya ce, “Yallaɓai, ka ɗan murɗe ni kawai ya yi ƙara in tahi. Wannan bawan nawa ne ya jawo ni, tsoro gare shi kamar farar kura.”

Mutumin ya yi dariya, ya kwantar da shi, ya ɗaga ƙafar a miƙe. Ba ta yi nisa ba taubashina ya cije leɓe. Mutumin ya tayar da shi ya ce ya taka da diddige zuwa bakin ƙofa. Ƙafar dama ta yi. Ta hagu yatsun suka ƙi tashi, tafin ya riƙa faɗuwa ƙasa.

“Ba zan taɓa bayan nan ba,” in ji shi. “Jijiya ce wani abu ya danne. Ku je asibiti a yi hoto, yau ko gobe. Kada ya yi gudu, kada kowa ya danna masa.” Ya juyo gare ni. “Malam, kai ka yi karatu, ka gane abin da nake faɗa ko?”

Na ce na gane. Kuma na gane ɗin.

Da muka fito taubashina ya ce mutumin bai iya aikin ba ne. Ya ce hoto sai bayan Asabar. Na ce masa ina ganin zai fi kyau a fara yin hoton, amma dai jikinsa ne, shi ya san yadda yake ji.

Washegari a fili koci ya kira ni gefe. Shi ya koyar da mu a firamare, har yau ba na iya haɗa ido da shi.

“Likita, mi mutumin ya ce?”

Na ce, “Malam, ya ce wataƙila jijiya ce. Amma sai an yi hoto za a tabbatar.”

“Wato bai tabbatar ba.”

“To, bai tabbatar ba tukuna.”

“Kai mi ka gani?”

Na ce ban ƙware a wannan fannin ba, kada in faɗi abin da ban sani ba. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Na sha bin maganganun ɗaya bayan ɗaya ban sami ƙarya a ciki ba. Sai dai ban faɗi cewa an hana a danna masa ba.

Koci ya ɗaga murya ya kira kyaftin. Taubashina ya tuɓe riga ya kwanta. Kyaftin ya duba masu tsaye kusa, ya ce, “Likita, matso in dafa ka, ai kai ne na hukuma.” Aka yi dariya. Na matsa. Hannunsa na kan kafaɗata lokacin da ya hau, kuma duk takun da ya yi sai na ji nauyin ya sauko ta jikina. A na huɗu aka ji ƙas. Aka tafa. Taubashina ya miƙe ya ce ya ji sakayau, ya ce in kai wa mutumin Filato labari.

Ranar Asabar ya shiga fili. Bai kai rubu'in awa ba aka fitar da shi, don ƙafar tana jan ƙasa, sau biyu ya faɗi ba wanda ya taɓa shi. Na miƙa masa ruwa. Ban ji komai ba, na tsaya ina kallon yadda ake ci gaba da wasan.

An yi hoton ranar Litinin. Na tambayi likitan asibiti ko takun ne ya jawo. Ya ce ba zai iya cewa ba, mai yiwuwa ya ƙara, mai yiwuwa dama abin ya riga ya yi nisa. Daga baya aka yi masa aiki, ciwon ya tafi, yatsun ba su dawo ba.

Yanzu yana zama a shagon hatsin mahaifinsa. Ba ya sa silifa don zamewa take yi daga ƙafar, sai takalmi mai igiya. Duk Talata nakan ɗauke shi a babur zuwa gashin ƙashi. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, don bai san abin da muka yi da koci a gefen fili ba. Sau da yawa a hanya nakan shirya faɗa masa. Sai ya buga mini kafaɗa ya ce, “Bawa, ƙara wuta, tuƙin tsofaffi kake,” sai in ƙara kaɗan.